Kujerar Hajiya a Jirgin Kawu Salifu

Duk wanda ya taɓa shiga mota ɗaya da Kawu Salifu ya san ba a shiga sai an jira shi ya zagaye ta. Yakan fara daga hagu, hannuwa a goye a baya, ya daki taya da ƙafa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga, ya girgiza madubi, sannan ya dawo inda ya fara ya ce, "To, bismillah." Tasi ce, lori ce, yelo-yelon nan mai ƙafa uku ce, duk ɗaya ne a wurinsa. Direbobin unguwarmu Nyanshegu sun san shi har sun gaji da shi, in suka hango farar hularsa a bakin titi sai su ƙara wuta. Ku da kuka zauna da shi kun san ban ƙara gishiri ba.

Ni Rakiya 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na girma, don haka na sha wannan zagayen fiye da kowa. Ranar da za a kai ni gidan miji a Kanvili, ina cikin mota a lulluɓe, zufa na karyo mini, ƙawaye na rangaɗa guɗa, sai Kawu ya ɗaga hannu ya ce kowa ya fito. Har da amarya!

Direban ya ce, "Haba Alhaji, jiya-jiya mota ɗin nan ya fito daga gareji!"

Kawu ya ce, "Shi ya sa. Mota da ya fito gareji jiya shi ne abin tsoro."

Ya yi zagayensa a natse, mu kuma muna tsaye a rana. Da ya gama, matarsa Hajiya Adiza ta riƙe ƙugu ta ce, "To, mi ka gani?"

"Ban ga komi ba."

"To amfanin mi?"

"Da na ga wani abu, Hajiya, da kin gode ma ni. Tunda ban gani ba, sai ki gode ma Allah."

Ba haka kawai ya tsinci halin nan ba. Matuƙin jirgin sama ne, kuma ba wasa nake yi ba. Yana saurayi ya yi kanikanci a wani kamfanin noman shinkafa da ke feshin gonaki da ƙaramin jirgi, a nan ya koyi tuƙi har ya samu lasisi. Da kamfanin ya watse sai ya sayi wani ɗan jirgi mai kujera biyu da aka yasar a rumfa, ya yi ta harhaɗa shi da hannunsa har ya tashi. A wani fili bayan Dungu yake ajiye shi, cikin gonar wani abokinsa. Daga nan unguwa ta laƙaba masa Kaftin, shi kuwa bai taɓa cewa a daina ba.

Man jirgi da tsada, saboda haka Kawu ya zama marowaci na ƙin ƙarawa. Abin da ya bambanta shi da sauran marowata shi ne, shi ba ya faɗin farashin abu da kuɗi, da nisan tafiyar jirgi yake faɗi. In na ce ina son sabon takalmin Salla sai ya ɗaga kai sama ya yi lissafi, ya ce, "Takalmin nan Savelugu ne da dawowa." Ragon layya kuwa Yendi ne. Wata shekara Hajiya ta ga wani leshi a kasuwa ta nace sai shi, Kawu ya dafe ƙirji ya ce, "Leshin nan Bolga ne paa! Kina so ki ɗaura Bolga a ƙugu?" Ta ɗaura kuwa, kuma har ya tsufa sunan zanen Bolga a gidanmu. Ran nan ta dire masa tuwon zafi da miyar ayoyo a gaba, ta ce, "Wannan fa, wane gari ne?" Ya duba kwanon, ya ga ba nama, ya ce, "Wannan ko inji bai tayar ba."

Amma babban abin da na zauna rubutawa shi ne kujerar nan ta biyu. Tun ranar da jirgin ya fara tashi Kawu ya yi wa Hajiya alkawari cewa ba wanda zai fara zama a gefensa sai ita. Ita kuma ta ce ta ji, sai ta shirya. To, shirin nan ne ya ƙi ƙarewa. Yau ciwon kai, gobe suna, jibi girki. In ya matsa sai ta ce, "Malam, Allah bai ba ni fiffike ba."

"Kin hau jirgi har Makka!"

"Wancan jirgi ne. Naka keken ɗinki ne da aka sa ma fiffike."

Shi ke nan, kujera ta zauna ba kowa shekara da shekaru. Don jirgin ya daidaita sai ya riƙa ɗora buhun masara a kai, ya ɗaure shi da bel tsaf, kowace kaka ya sake sabo. Ni na roƙa, 'ya'yansa sun roƙa, limamin unguwa ma ya taɓa zolayarsa cewa yana son ganin hasumiyar masallaci daga sama. Amsar ɗaya ce: "Kujera yana da mai shi."

Wanda ya fi kowa naci shi ne Ardo Hammadu, amininsa, mai shanu a wata ruga can gaba da Dungu. Abotarsu daga wuta ta samo asali. Da rani in ciyawa ta bushe daji ya fara ci, Kawu kan tashi ya dubo inda wutar ta dosa, sai ya biyo ta kan rugar Ardo ya karkata fiffike wajen da ya kamata a kora shanu. Matar Ardo kuma ta aiko mana da nono da cukun nan wagashi. Kullum Ardo sai ya ce, "Kaftin, sau ɗaya dai in ga shanuna daga bisa." Kawu ya ce, "Je ka roƙi Hajiya ta hau, kai ne na biyu." Ardo ya zo har gida da ƙwaryar nono ya roƙa. Hajiya ta karɓi nonon ta gode, ta ce ya gaida mutan gida.

Shekarun baya-bayan nan gobarar daji ta ƙara tsanani. Masu farautar gafiya su cinna, masu gawayi su cinna, iska ta ɗauka ta kai gonar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Sai masu kula da sararin sama suka fara fitar da sanarwa duk lokacin da abin ya yi yawa: daga wuri kaza zuwa wuri kaza, kada ƙananan jirage masu zaman kansu su tashi har sai an sake sanarwa. Filin Kawu na cikin wurin. Mu duka muka ce yau za a yi ta, don mutumin da ya fito da amarya daga mota ba ya jin maganar kowa. Ashe ba mu san shi ba. Taurin kan nan nasa kaf ya kwashe ya zuba wajen bin dokar.

Ya ja rumfa ya rufe jirgi, ya koma kan tsohon motonsa mai ƙafa biyu. Amma fa da abin kunnen nan na matuƙa a kansa, wai don kada kunne ya manta. Haka zai ratsa gari, yara na ihu, har rugar Ardo. Can sai ya nemi suri mafi tsawo ya hau, ya kafa madubin hangen nesa yana duban hayaƙi. Ardo ya ce masa, "Kaftin, daga nan ai ni ma ina gani." Kawu ya ce, "Hankuri za ka yi. Wannan shi ne tsawon da doka ya yarda."

A irin wannan lokaci ne Alhaji Mumuni mai shinkafa ya zo gidanmu hankali a tashe. An ce masa wuta ta doshi gonarsa, shinkafa kuma tana tare ba a kwashe ba. Ya ce zai cika wa Kawu duro da mai, ya tashi kawai ya dubo masa. Duro guda! Na tabbata a ransa Kawu ya je Bolga ya dawo har ya wuce.

Ya ce, "Alhaji, sama a rufe yake."

"Wa zai gan ka? Daji ne fa!"

"Masu aikin wuta suna da nasu abin tashi a can. In sun ga baƙon jirgi cikin hayaƙi, dole su sauke nasu kada a yi karo. Ni in tashi, su su sauka, wuta kuma ba ya sauka. Ya bar gonarka ya ci na wani, wa zai biya shi?"

Alhaji Mumuni ya ce ashe Kaftin ɗin na hoto ne. Kawu ya sa abin kunnensa, ya tayar da moto, ya ce, "Hau baya, in kai ka mu gani da ido." Sai da ya zagaye moton tukuna, Alhaji na tsaye yana cizon yatsa. Allah ya taimaka wutar ta tsaya a bakin rafi, amma Alhaji Mumuni ya daɗe ba ya amsa gaisuwar Kawu.

Mun yi ta dariyar waɗannan abubuwa, ba mu san dokar nan za ta biyo mu har cikin ɗaki ba. A raninsa na ƙarshe Kawu ya je wurin likitan da ke duba matuƙa, aka ce idonsa ya yi rauni. Takardar lafiyar da ke hannunsa in ta ƙare ba za a sabunta ba, kuma kafin ruwan farko za ta ƙare. Ba takarda, ba tashi. Yana cin abinci ya faɗa mana, kamar yana ba da labarin wani. Hajiya ta kwashe kwanuka ta shige ɗaki.

Washegari da safe na biyo gidan kafin in wuce makarantar da nake koyarwa. Sai ga Hajiya ta fito cikin farar abayarta ta Makka, da carbi a hannu, da takalmi sau-ciki. Ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, na shirya."

Kawu ya ɗago ya kalle ta. Wallahi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Can ya ce, "Adiza, sama a rufe yake." Ranar na fara jin ya kira sunanta tsura.

Nan fa gida ya rikice. 'Ya'yansa suka yi ta kira daga Kumasi da Accra. Ardo ya zo. Har Alhaji Mumuni ya manta fushinsa ya zo ya sa baki. Ni kuwa na fi kowa zafi, don na san abin da ta haɗiye kafin ta sa abayar nan.

Na ce, "Kawu, dubi sama mana! Yau ko hayaƙi babu koraa. Zagaye ɗaya kan Dungu ku sauko, wa ya mutu?"

Ya ce, "Rakiya, sanarwa bai ce sai in matarka ya shirya ba."

"Shekara nawa kana jira!"

"To in ƙara 'yan kwanaki mi zai rage ni? Za su buɗe."

Kullum bayan asuba sai ya duba wayarsa, ya kawo ta dab da ido, ya ajiye. Hajiya ta daina tambaya, fuskarsa kawai take dubawa. Kullum da la'asar hayaƙi ya turnuƙe ta yamma, toka na sauka a kan shanya. Ban taɓa roƙon ruwa kamar na shekarar ba, ni da ko tukunyar fure ban dasa ba. Hadari ya haɗu wani yammaci har muka fito tsakar gida, iska ta zo ta watsa shi.

Ranar da takardar za ta ƙare, Kawu ya ce Hajiya ta sa abayarta. Na ce a raina yau tsoho ya karaya. Mijina ya kai mu filin da motarsa, bayan an zagaye ta, muka tarar da Ardo ya riga mu. Kawu ya turo jirgi daga rumfa, ya kama hannun Hajiya suka zagaye shi tare, yana nuna mata kowane ƙusa. Ya kwance bel ya rungumo buhun masara ya dire a ƙasa, ya ce masa, "Sauka, mai wuri ya zo." Ya zaunar da ita, ya ɗaure ta da kansa, ya sa mata abin kunne a kan mayafi.

Inji ya tashi. Jirgi ya fara gudu a kan filin, Hajiya ta runtse ido ta kama salati, muna jiyo ta duk da ƙarar. Ya kai ƙarshen fili, na ce yanzu zai ɗaga. Sai ya rage wuta ya juyo. Ya sake tafiya, ya sake juyowa. Taya ba ta bar ƙasa ba ko da tsawon yatsa. Daga baya Hajiya ta ba mu labarin abin da yake ce mata a kunne: "Yanzu muna kan Dungu. Ga babban titi can. Ga kasuwa, dubi laimomi. Ga Kanvili, ga rufin Rakiya, bai share tsakar gida ba. Ga gidanmu, ga mangwaron da kika ce in sare." Ita kuma ido a rufe tana ta "Na'am, na gani, na gani."

Da ya kashe inji ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Mun sauka?"

"Ba mu tashi ba."

"Ba mu tashi ba? Duk salatin nan a ƙasa na yi shi?"

"Ba ya ɓata, Hajiya. An rubuta."

Ardo ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Hajiya ma ta yi, ta kai wa Kawu duka da carbi. Sai dariyar ta juye mata, ta kifa kai a kan gwiwa cikin kujerar. Kawu ya zauna a gefenta hannunsa a kan sitiyari yana kallon gaba. Ni na koma mota na rufe ƙofa, don in na tsaya zan faɗa masa maganar da ba a faɗa wa kawu.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka, mai yawa, daji ya mutu murus, aka buɗe sama. Takarda kuwa ta riga ta mutu. Wani matashin matuƙi da ke ganin girman Kawu ya ce zai ɗaga Hajiya a jirgin in tana so. Ta ce, "Na gode, ɗana. Ba jirgi na yi ma alkawari ba." Da ya tafi ta juyo ta ce mini, "Rakiya, shekara da shekaru sama a buɗe, ni na rufe. Kada ki ga laifin kawunki." Na ce to. Amma gaskiya har yau ban gama hucewa ba. Na san Kawu yana da gaskiya, na san in kowa ya ce zagaye ɗaya ne kawai to dokar ta tashi aiki, duk na sani. Sai dai in na tuna fuskarta cikin abin kunnen nan, sai in ji da ma ya yi rashin gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa.

Kawu ya ci gaba da zuwa filin duk Juma'a. Ya buɗe rumfa, ya zagaye jirgi, ya rufe, ya dawo. Bai ƙara auna komai da sunan gari ba, har na riƙa kawo masa maganar tsadar kaya da gangan ko zai ce Yendi, sai ya ce Allah ya sawwaƙe kawai. Tsakiyar damina ya kwanta, kwana kaɗan ya cika. Buhun masarar nan yana ɗakin Hajiya har yanzu, ta hana a kai niƙa.

Ranar jana'iza, an sallace shi a ƙofar gida, an sa makara a bayan motar da za ta kai shi, mu mata muna leƙe daga zaure. Direba ya tayar da mota. Sai Ardo ya ɗaga sandarsa ya ce a dakata. Ya goya hannuwa a baya, ya fara daga hagu. Ya daki taya da ƙafa, ya durƙusa da tsofaffin gwiwoyinsa ya leƙa ƙarƙashi, ya girgiza madubi. Mutumin da bai san komai game da mota ba! Maza suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa, ba ka sanin mai dariya da mai kuka. Ya dawo inda ya fara ya ce, "To, bismillah."

Hajiya na daga ciki ba ta gani, sai ta ji shiru ya yi yawa ta tambaye ni abin da ya tsayar da su. Na faɗa mata. Ta ce, "Mi ya gani?"

Na ce, "Bai ga komi ba, Hajiya."

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "To, mu gode ma Allah."

Allah ya jiƙan Kawu Salifu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa can ya fi masa nan. Ya ba Hajiya haƙuri, mu ma ya ba mu. Ya Allah, bawanka ya tsaya inda aka ce ya tsaya, ka buɗe masa inda ba a rufewa, ka ajiye wa Hajiya wuri a gefensa. Amin.